Kafin Mu Ba Na'ura Amanar Bakinmu: Sharuɗɗan Fatake Daga Tamanrasset

Fatauci tsakanin Aljeriya da ƙasar Hausa a baki yake tafiya. Tirelar dabino kan tashi daga nan Tamanrasset, ta yi kusan kilomita 400 zuwa In Gezam, ta tsallaka Assamaka, ta bi Arlit da Agadas har Tawa ko Damagaram, alhali abin da ya ɗaure cinikin bai wuce saƙon murya uku ko huɗu a WhatsApp ba. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, dillali ya shiga tsakani, aka ce an sallama, shi ke nan. Wanda ya yi boko a cikinmu da wanda bai taɓa zama a aji ba, duk wuri ɗaya muke dannawa, wato ɗan hoton makirfon nan da ke ƙasan waya.

Yanzu kuma manyan kamfanonin duniya sun duƙufa wajen gina na'urorin da aikinsu ya wuce kai saƙo. Su da kansu za su saurare ka, su ba ka amsa, su yi maka tafinta, wata rana ma su karɓi odar kaya a madadinka. Abin yana tafe, ko mun so ko mun ƙi. Shi ya sa na ga ya kamata mu da muke cin abinci da bakinmu mu faɗi irin na'urar da za ta yi mana amfani tun ba a gama ƙera ta ba. A ganina ma'aunin guda ne: duk halin da muke nema wajen ɗan aike na ƙwarai, shi za mu nema wajenta.

Murya tsohuwar hanyarmu ce

Waɗanda suka riski zamanin kaset za su tuna yadda ake yi. Mutum ya samu lungu, ya danna rikoda, ya gaida mahaifiya da ƙanne da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba, sannan ya damƙa wa direba. Bayan sati biyu ko uku amsa ta dawo a bayan kaset ɗin. An fi son kaset a kan wasiƙa saboda wasiƙa sai an nemo mai karantawa, mai karantawa kuwa ya ji sirrin gida. Ga shi kuma tsohuwa tana gane lafiyar ɗanta daga yadda numfashinsa ke fita.

Da salula ta zo, kasuwa ce ta fara ganin amfaninta. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa yana iya tambayar kuɗin gero a gari biyar ba tare da ya hau mota ba. Duk wannan da kira aka yi shi. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana aika irin wannan saƙo har biliyan 7 a kowace rana. Ke nan ba sai an koya mana magana da waya ba. Abin da ya rage shi ne ita wayar ta koyi jin maganarmu.

Yadda take aiki, da inda take tuntuɓe

Na'ura mai hira aiki uku take yi a jere. Da farko ta saurari sautinka ta mayar da shi kalmomi. Sannan ta auna abin da kake nufi ta shirya amsa. Daga ƙarshe ta furta amsar da muryar da aka koya mata. Idan ta yi kuskure a matakin farko, sauran biyun duk a kan kuskuren za su hau, kuma muryarta ba za ta yi rawa ba, da cikakken ƙarfin gwiwa za ta ba ka amsar abin da ba ka tambaya ba.

Jin magana kuwa da sauraro take koyonsa, kamar yaro, sai dai ita tana buƙatar dubban sa'o'i. Whisper, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da shi da sauti na sa'a 680,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan Turanci ne. Sauran harsunan duniya suka raba abin da ya rage. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da nasa mai harsuna fiye da 1,100, amma da ya rasa sautin yawancinsu sai ya koma ga karatun Linjila da aka naɗa, kimanin sa'a 32 a kowane harshe. To ka ga wanda ya koyi yare daga bakin mai karatu a ɗaki shiru, ranar da aka kawo shi kasuwar Assihar ana sauke buhuna, injin na ruri, iska na kaɗa rairayi, sai yadda hali ya yi.

An dai samu ci gaba, kada mu yi butulci. Siri ta fito a 2011, Alexa a 2014, ba a gina ko ɗayansu da Hausa ba. Amma Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun ƙarshen 2013, kuma a Oktoban 2024 ya ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda za ka yi magana waya ta rubuta, har da Hausa. Na gwada, idan ka yi Hausar rediyo a hankali tana kamawa ba laifi.

Matsalar ita ce a nan ba Hausar rediyo muke yi ba. Bakano ya ce ya zo, Ba'adare ya ce ya zaka. Na Najeriya ya ce kwastam, na Nijar ya ce duwan. Wannan ya ce makaranta, wancan ya ce lakwal. A jimla ɗaya za ka ji Hausa da Faransanci da Larabcin Darja, wani lokaci har da Tamahak na Buzayen Ahaggar. Ga kuma karin sauti da jan wasali da rubutunmu ba ya nunawa. Idan na ce gari ya yi tsada, garin da ake tuwo nake nufi ko garin da muke zaune? Kunnen Bahaushe ya san bambancin nan take, amma da zarar an mayar da shi rubutu sun zama kalma ɗaya.

Miliyan nawa ne miliyan?

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo maganar kuɗi. A Tamanrasset kuɗi uku ne ke yawo a bakin mutane, kuma kowanne da yadda ake ƙirga shi.

Ba'aljere a kasuwa da santim yake lissafi. Idan ya ce maka miliyan ɗaya, dinari 10,000 yake nufi. Idan ya ce dubu, dinari 10 ne. Mutumin Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka ɗari a bakinsa sefa 500 ce, jaka kuma sefa 1,000. Shi kuwa dattijon Kano idan ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Jaka goma a Maraɗi sefa 10,000, a Kano naira 2,000. Kalma ɗaya, aljihu daban.

Na ga wannan da idona a rumfar maƙwabcina. Wani baƙo da bai daɗe da zuwa ba ya buɗe wata manhajar tafinta don ya yi ciniki da Balarabe mai barguna. Balarabe ya ce miliyan biyu, waya ta ce wa baƙo miliyan biyu. Ta fassara kalmar daidai, ba ta yi ƙarya ba. Baƙo ya dafe kai, ya ce an raina masa hankali, yana shirin tashi. Sai da wani yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ce masa, "Baba, dinari dubu ashirin fa yake nufi." Abin da yaron nan ya sani ba a cikin ƙamus yake ba, a cikin kasuwa yake. Da ɗan gari akan ci gari.

Ka ƙara da lambobinmu masu kama da juna a kunne, talatin da tamanin, sittin da saba'in. Ka ƙara da masu cewa ashirin ba ɗaya, suna nufin goma sha tara. Idan layi ya ɗan tsinke aka rasa "ba ɗaya", an tafi da ashirin.

Halayen ɗan aike na ƙwarai

Ga abin da nake ganin ya kamata masu ƙera waɗannan na'urori su ji daga gare mu. Da yawansu yanzu 'ya'yanmu ne da ke Kano da Zariya da Yamai, kuma na san mujallar nan tana kaiwa gare su.

Na farko, ta maimaita. Yaron da na aika da kuɗi, kafin ya fita sai ya faɗa mini nawa ne, na wane ne, kuma kuɗin wace ƙasa. Na'ura ma haka: "Alhaji, dinari dubu ashirin ka ce, ko sefa?" Ta jira sai ka ce e. Kada a taɓa barin kuɗi ko odar kaya su wuce da ji ɗaya.

Na biyu, ta iya cewa ban ji ba. Ɗan aiken da ya fi kowa haɗari shi ne mai kunyar tambaya, wanda zai cike gurbin da tunaninsa. Matambayi ba ya ɓata. Gara ta ce a sake faɗa sau uku da ta yi hasashe sau ɗaya.

Na uku, ta yi haƙuri da gaisuwa, ta kuma bari a katse ta. Dattijo ba zai fara da buƙatarsa ba, sai ya yi sallama ya tambayi gajiya. Yakan yi shiru a tsakiyar zance yana lissafi. Na'urar da ke ɗaukar shirun nan a matsayin an gama magana, ta tsoma baki, dattijo ba zai sake kiranta ba. Ita kuma idan tana dogon bayani ka ce mata tsaya, ta tsaya.

Na huɗu, amsarta ta zama gajera. Rubutu kana iya komawa ka duba, magana kuwa zarar bunu ce. Duk wanda ya taɓa kiran layin da ake cewa danna ɗaya don kaza, danna bakwai don kaza, ya san kafin a kai na biyar ya manta na ɗaya. Zaɓi biyu ko uku sun isa a lokaci guda.

Na biyar, ta yi aiki a ƙaramar waya da raunin layi. Tsakanin nan da In Gezam, da tsakanin Assamaka da Arlit, akwai dogayen wurare da babu sabis ko kaɗan, balle intanet. Direban da ya fi kowa buƙatar taimako shi ne wanda ke can. Layin 3-2-1 da Airtel ta buɗe a Najeriya a 2016 ya nuna ana iya yi: kira ne kawai daga kowace irin waya, mutum ya saurari bayanin lafiya ko noma da Hausa. Wanda ya gina abin da sai babbar waya da data mai yawa, ya gina wa waɗanda dama suna da hanya.

Na shida, ta faɗi cewa ita na'ura ce tun a farkon hira, kuma a bar ƙofa a buɗe zuwa ga mutum. Idan magana ta kai ga ciwo, ko takardun zama, ko rigimar bashi, ta miƙa ka ga ɗan Adam da za a iya kama shi da alhakin abin da ya faɗa.

Muryar da ba ta mai ita ba

Akwai ɓangaren da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan. Kowa a nan ya san dinari ba ya tafiya Maraɗi ta banki cikin sauƙi. Yadda aka saba shi ne ka ba wani amintacce kuɗi a nan, ya kira abokin hulɗarsa a can, a ba iyalinka sefa ko naira. Babu hatimi, babu sa hannu. Hatimin shi ne murya. Na can ya ji muryar na nan, ya san shi shekara ashirin, ya buɗe akwati.

To ilimin da ke sa na'ura ta yi magana kamar mutum, shi ne dai ke sa ta kwaikwayi wani mutum takamaimai. A 2019 an damfari wani kamfanin makamashi a Ingila yuro 220,000 ta haka. Shugaban kamfanin ya ɗauki waya, ya ji muryar maigidansa na Jamus da irin lafazinsa, aka ce ya tura kuɗi da gaggawa, ya tura. Wancan lokacin abin sai ƙwararru. Yau manhajojin kwaikwayon murya suna hannun kowa, kuma ɗan guntun sauti ya ishe su. Mu kuwa muryoyinmu suna zube a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na 'yan gari, inda mutum ɗari biyu ke ciki, rabinsu ba ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Ka yi tunanin tsohuwa a ƙauyen Kance ko Matamai ta ji muryar ɗanta yana kuka, yana cewa an kama shi a hanya, a sayar da akuya a turo kuɗi. Wa zai ce mata ba shi ba ne? Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin a hannunmu yake, ba ya buƙatar boko. Kowane gida da kowane abokan ciniki su ajiye wata kalma da aka yi alkawarinta ido da ido, wadda ba a taɓa faɗarta a saƙon murya ba. Duk saƙon da ya zo da neman kuɗi, a kashe, a kira mutumin ta lambarsa da aka sani. A tambaye shi abin da sai shi ya sani. Idan aka ce maka yanzu-yanzu, kada ka gaya wa kowa, to nan ne ya kamata ka ƙara jinkiri. Ɗan'uwa na gaskiya ba zai yi fushi don ka tabbatar ba.

Haka kuma a tuna cewa yawancin waɗannan na'urori ba a cikin wayarka suke sauraro ba. Maganar takan tafi manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, a can ake sarrafa ta. Wanda zamansa a nan bai gama daidaita ba, ko yake maganar inda ya ajiye kaya da ranar da mota za ta tashi, ya san da wa yake magana. Haƙƙinmu ne a gaya mana da Hausa, da baki, ko ana ajiye muryar, har tsawon wane lokaci, da yadda za a goge ta. Dogon rubutun Faransanci da ake cewa ka danna ka yarda bai zama neman izini ba ga wanda ba ya karatu.

A cikin gida

Duk da haka ba na cikin masu cewa a guje ta. Ina ganin inda za ta share hawaye. Matanmu da yawa a Tahaggart da Gat el Wad ba su da Larabcin da za su yi wa likita bayani, sai an tafi da miji ko ɗan maƙwabta. Akwai ciwon da mace ba za ta iya faɗa a gaban yaron maƙwabta ba, sai ta ce ciwon ciki kawai, a ba ta maganin da ba shi ba ne. Tafinta marar ido, wanda ba zai kai labari unguwa ba, rahama ce gare ta, muddin ya san iyakarsa kuma likita ne mai yanke hukunci. Haka makaho, haka tsohon da idonsa ya daina ganin ƙananan lambobi.

Sai kuma yaranmu da aka haifa a nan. Darja suke yi a titi da makaranta, Hausarsu tana raguwa. Na'ura na iya zama abokiyar koyonsu. Tana iya kuma zama dalilin da zai sa su daina ƙoƙari, jika ya yi Larabci waya ta juya wa kaka. Saƙo zai isa, amma kaka ba bayani take nema ba, muryar jikanta take son ji yana ce mata ina kwana, ko da Hausar ta karkace. Ku bar na'ura ta yi lissafi da tafintar asibiti. Gaisuwar iyaye, ta'aziyya, biko da neman gafara, waɗannan a yi su da bakin da Allah ya ba mu.

Kada mu manta da samarin da tafinta ce sana'arsu a tasha da kasuwa. Wasu ayyukansu za su tafi, wannan gaskiya ce. Amma su ne suka san miliyan na Balarabe da jakar Bamaraɗe. Duk kamfanin da ke son na'urarsa ta ji Hausar Sahara, wajensu zai zo. Idan ya zo, a yi ciniki da shi kamar yadda ake cinikin kowace haja, a biya su, a gaya musu inda muryar za ta.

Akwai kuma hanyar sa kai. Gidauniyar Mozilla ta buɗe shirin Common Voice a 2017, inda kowa ke iya karanta gajerun jimloli a naɗa, kuma akwai Hausa a ciki. Abin da aka tara a buɗe yake ga duk mai son gina na'ura, don haka wanda zai ba da tasa ya san da wannan tukuna. Idan muryoyin samarin birni kaɗai aka tara, su kaɗai na'ura za ta riƙa ji. Sai an samu na mata, na dattawa, na Adar da Gobir da Damagaram, sannan za ta gane uwar da ke kira daga ƙauye.

Kafin wannan lokaci, duk na'urar da aka kawo muku ku yi mata gwajin da muke yi wa sabon yaron shago. Ku aike ta da ƙaramin abu. Ku ce mata jaka biyar, ku ji ko za ta tambaya kuɗin ina. Idan ta tambaya, a ci gaba da ita a hankali. Idan ta wuce kai tsaye, ba ta isa riƙe makullin akwati ba tukuna.

Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya kai matafiya lafiya, ya sada mu da iyalanmu cikin alheri.